Shekara 20 Bayan Jami'a: Ina 'Yan Aji Suka Tsaya?



Yau maganar 'yan aji za mu yi. Kowa a cikinmu yana da wannan zauren na WhatsApp da aka buɗe tun ana aji ɗaya a jami'a, don a riƙa sanar da juna an ɗage lacca ko an kafe sakamako. An gama karatu, zauren bai mutu ba, sai dai ya canza aiki. Yanzu abin da ake sakawa shi ne wane ya samu aiki, a taya shi murna. Wance ta haihu. Wane ya tafi Ingila ƙaro karatu. Ga katin ɗaurin aure, ga hoton sabuwar mota. Kai kuma kana kwance a ɗakin da ka bari ranar da za ka tafi jami'a, ka rubuta "Allah ya sanya alheri", ka kife wayar, zuciyarka ta ɗan yi nauyi. Kai ma ka san ba ƙyashi kake yi ba. Lissafi ne ya taso maka: shekarata 28, ni me na yi?

To, Hausawa suka ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Mu da muka gama shekara uku, huɗu ko biyar da suka wuce, tafiyar ba ta yi nisan da za a ce wane ya ci, wane ya faɗi ba. Shi ya sa yau nake so mu ɗaga kai mu dubi waɗanda suka riga mu da shekara 20, waɗanda yanzu suke tsakiyar rayuwa, mu ga yadda ta kasance da su.

Yayana ya kammala wata jami'a a nan Arewa wajajen 2004. Da suka tashi cika shekara 20, ƙungiyar 'yan ajinsu ta ce kowa ya turo taƙaitaccen bayanin inda rayuwa ta kai shi, a haɗa a buga ɗan littafi na taro. Da yake ni ne mai kwamfuta a gida, aikin bugawa kaina ya faɗo. Na zauna na karanta rayuwar mutanen da yanzu kowannensu ya haura 40, wasu na neman 50. Ba zan kama sunan kowa ba, amana ce, kuma na nemi izinin Yaya kafin in ɗauko maganar. Amma abin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda layin ya hargitse. Waɗanda suke gaba a shekara biyar ta farko, da yawansu ba su ne a gaba ba yanzu. A zamaninsu aiki biyu ne kowa yake mafarki, banki da kamfanin waya. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya, kamfanoni suna ta buɗe ofisoshi. A 2004 Babban Bankin Najeriya, lokacin Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, waɗanda suka tsira kuma suka shiga gasar buɗe rassa suna kwasar matasa. Wanda ya faɗa cikin wannan rabon, shekara biyu da gama bautar ƙasa ya sayi mota, ya yi aure, 'yan aji suna cewa ai wane ya tsallake.

Sai ga watan Agustan 2009. Babban Banki, lokacin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda basussukan da suka yi musu katutu, bayan haka aka yi ta rage ma'aikata. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yi wa kallon ya tsallake a ajin su Yaya yana cikin waɗanda aka sallama. Shi da kansa ya rubuta cewa ya ɗauki lokaci ba ya zuwa ɗaurin auren kowa saboda kunyar tambaya. Yau hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye yana kawowa Dawanau. Bai zama hamshaƙi ba, amma yana riƙe da gidansa, 'ya'yansa suna makaranta, kuma ya ce ya fi samun barci.

Akwai wata tatsuniya da muke jin daɗin faɗa wa juna, wai masu ƙoƙari a aji su ne suke ƙarewa a talauce, waɗanda suke maimaita jarrabawa su zama masu kuɗi. Wallahi ban ga haka ba. Yawancin masu ƙoƙarin suna nan da rufin asirinsu, wasu malaman jami'a ne, akwai wanda ya yi digirin digirgir yana jiran kujerar farfesa. Don haka kada wani ya ji wannan shirin ya je ya ce wa ƙaninsa karatu banza ne. Abin da na gani shi ne ƙoƙari yana da nasa rabon, amma shekarar da ka fito, da garin da ka tsinci kanka, da wanda ya kama hannunka, su ma suna da nasu. Akwai wanda ya kafa shago a Maiduguri yana cikin samu, rikicin da ya ɓarke a 2009 ya tashe shi, ya dawo gida ya fara daga farko da mata da yara. Waye zai kalle shi ya ce lalaci ne ya hana shi kamo sauran?

Mu zo kan ma'aikatan gwamnati, domin a nan ne lissafi ya fi fitowa fili. Mai digiri a aikin gwamnatin tarayya a mataki na 8 yake farawa. A ƙa'ida, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ka yi aƙalla shekara 3 kafin ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama kuma shekara 4. Babu mataki na 11, daga 10 sai 12. In ka tara, kafin mutum ya kai mataki na 17, wato darakta, yana buƙatar wajen shekara 26, shi ma in bai faɗi jarrabawar ƙarin girma ba, kuma akwai gurbi. Ritaya kuma shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ka ga wanda ya shiga yana da 26 zai iya zama darakta yana da 52. Wanda bai samu shiga ba sai yana da 36, ritaya za ta riske shi kafin ya kai.

Haka na gani a ajin su Yaya. Waɗanda suka samu aiki daga gama bautar ƙasa suna mataki na 14 ko 15. Waɗanda suka yi shekara takwas, tara suna yawo da takardu a ambulan suna mataki na 10 ko 12. Aji ɗaya, malami ɗaya, wani lokacin ma na ƙasan shi ne ya koya wa na saman karatu a daren jarrabawa. Bambancinsu kawai ranar da aka buɗe wa kowa ƙofa.

To mu fa? A 2020 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi yajin aiki na wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata 17 ke nan a zaune a gida, ban da ƙananan da aka yi kafin nan. Karatun shekara huɗu ya koma shida. Ka fito, sai ka ga tallan ɗaukar sabbin ma'aikata an rubuta kada shekarunka su wuce 26 ko 27. In kuma ka haura 30 kafin ka kammala, bautar ƙasar ma ba za ka je ba, takardar yafewa za a miƙo maka. An cinye maka shekara biyu, sannan an dawo an hukunta ka a kan shekarun. Duk lokacin da zuciyarka ta fara tuhumarka, ka sa wannan a cikin lissafin. Ba na cewa mu kwanta mu ce laifin gwamnati ne shi ke nan. Cewa nake yi in za ka yi wa kanka hisabi, ka yi na adalci.

Sai matan ajin. 'Yan'uwana mata, ku matso kusa. Bayanansu sun sha bamban da na maza. Namiji zai fara da muƙaminsa. Mace sau da yawa za ta fara da yawan 'ya'yanta, sai can ƙasa ta ɗan saka abin da take yi, kamar mai jin nauyi. Amma in ka karanta da kyau, a wajensu ne na fi ganin juriya. Akwai wadda ta ajiye takardunta a akwati sama da shekara goma saboda maigida bai amince ta yi aiki ba. Da ya rasu ya bar ta da yara, takardun nan ta ɗauko ta kakkaɓe, ta fara koyarwa tana dab da 40. Yau mataimakiyar shugabar makaranta ce. Akwai wadda ta fara da yin cincin da dubulan na biki a kicin ɗinta, yanzu tana da ma'aikata. Akwai wadda ta koma karatu ta hanyar jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana zana jarrabawa a shekarar da ɗiyarta ta fari take zana JAMB.

Don haka 'yar'uwa, in yau kina gida da goyo kina ganin ƙawayenki suna saka hotunan ofis, takardarki ba ta ruɓewa. Ki adana ta, ki riƙe lambobin mutane, kada ki bar hannunki ya sangarce, ko da koyar da yaran maƙwabta ne. Amina J. Mohammed an haife ta a 1961, a 2017 ta zama mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta haura 55. Ku kuma maza da za ku auri 'yan ajinku ko ƙannensu, ku yi wa Allah ku yi tunani. Babu wanda ya san wa zai riga wani tafiya. Aikin da ka hana ta yau, wataƙila shi ne zai ciyar da 'ya'yanka gobe.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da su da kansu suke ɗauka a matsayin nasara. Mu a shekarunmu mota muke ƙirgawa, da biza, da sunan ma'aikata. Su kuwa, abin da suka fi rubutawa da alfahari shi ne: na kai mahaifiyata aikin Hajji. Na aurar da ƙannena mata. Na tashi daga gidan haya. Ɗana ya sauke Alƙur'ani. 'Yata tana karanta likitanci. Akwai wanda duk bayaninsa layi biyu ne, ya ce an yi masa aiki ya tashi, ya gode wa Allah da waɗanda suka tara kuɗin. Da na tambayi Yaya me ya sa babu mai yin fariya da yawa, dariya ya yi, ya ce in na kai 45 zan gane. Ya ce a wannan shekarun kana tsakiya ne, iyaye sun tsufa suna kanka, 'ya'ya sun taso suna kanka, ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa suna kanka. Wanda kake gani a babbar mota, sau da yawa albashinsa ya ƙare tun kafin ya shigo.

Kuma ku tuna kuɗin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da suka gama, dala ɗaya wajen naira 130 ce. A 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, amma kowa ya san abin da 70,000 take saye a kasuwa bayan cire tallafin fetur a 2023. Waɗanda na ga hankalinsu ya fi kwanciya ba lallai su ne masu babban albashi ba. Su ne waɗanda tun da wuri suka mayar da ɗan abin da suke samu wani abu mai tsayawa: fili a bayan gari lokacin yana daji, ko gona, ko kiwo, ko sana'ar da ba ta dogara da sa hannun wani shugaba ba.

Sannan akwai waɗanda ba su turo komai ba. Sunansu yana jerin, an kira, an tura saƙo, shiru. Wasu aiki ne ya yi musu yawa. Amma Yaya ya san da yawansu, ya ce kunya ce. Mutum yana ganin ba shi da abin rubutawa. Yana cikin zauren, yana karanta komai, shekara da shekaru bai ce uffan ba. Irin waɗannan su ne suka fi buƙatar 'yan aji, kuma su ne suka fi nisa da su.

Shafin ƙarshe kuma na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Allah ya jiƙansu. Haɗarin mota, haihuwa, hawan jini, ciwon ƙoda. Mutane ne da shekara 20 da suka wuce suke cin garau-garau a kwano ɗaya da su Yaya. Kowanne suna a shafin nan, a bayansa akwai marayu, akwai kuɗin makaranta, akwai haya. Ƙungiyar ajin tana ɗan taimakawa, amma su da kansu sun ce da sun fara tara asusu tun suna matasa, da yanzu abin ya fi haka ƙarfi.

Wannan abu na 'yan makaranta ɗaya su kama hanyoyi daban-daban ba yau aka fara ba. Ku dubi Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya. A ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon 1930, Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk sun zauna a cikinta, kuma dukkansu da koyarwa suka fara. A 1938, yana da shekaru irin namu, Ahmadu Bello ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Sai a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ya haura 40. Tafawa Ɓalewa ya daɗe yana malanta a Bauchi, a 1957 ya zama Firayim Minista yana da wajen 45. Abubakar Imam kuwa hanyar alƙalami ya bi, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A watan Janairun 1966 aka kashe biyun farko, Imam ya rayu har 1981, kuma har gobe yara suna karanta littattafansa a makaranta. In da a 1938 aka tsaya aka yi musu lissafin wa ya ci, wa ya faɗi, da an yi kuskure. In da a 1960 aka yi, da har yanzu ba a gama gani ba.

To, me za mu yi da duk wannan, mu da muke da saura kafin mu kai can?

Na farko, asusun aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ku jira sai an yi rasuwa a fara "jama'a a taimaka" a zaure. Ku yanke abin da kowa zai iya duk wata, ko da naira 1,000 ce, don mai aiki da mai nema su tsaya a layi ɗaya. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku su riƙa sa hannu, kada kuɗin jama'a ya zauna a asusun mutum ɗaya komai amanarsa. Ku rubuta ƙa'ida: me ake bayarwa in rashin lafiya ce, me ake bayarwa in rasuwa ce, wa yake yanke hukunci. Duk wata a saka bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita. In abin ya girma, ku yi rajista da hukumar CAC. Kuma don Allah ku raba zauren zumunci da na gardamar siyasa. Kowa ya ga yadda zaɓen 2023 ya raba abokan shekara goma a kan mutanen da ba su ma san da zamansu ba.

Na biyu, fansho. Na san in ka ce wa ɗan shekara 27 fansho dariya zai yi. Amma a dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka na ritaya. Wannan ya shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, jihohi kuwa kowacce da nata tsarin. In kana aiki, ka riƙa duba saƙon da ake turo maka, ka tabbatar ana zubawa, domin akwai wuraren da suke yanka a takarda ba sa kaiwa. In aiki ya kuɓuce maka ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, doka ta ba ka damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ka tara. Masu sana'ar kansu ma, tela, mai POS, mai gyaran waya a Farm Centre, tun 2019 hukumar PenCom ta fito da tsarin ƙaramin fansho dominsu.

Na uku, lafiya. Hawan jini ba ya sallama. Awon ba ya cin minti biyar, kusan kowane kemis yana da na'urar. Ka auna, ka ja iyayenka da yayyenka su auna, har da suga. Tun 2022 akwai sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa da ta kafa hukumar NHIA, jihohi da dama kuma suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano. Ƙungiyar aji za ta iya zuwa ta tambayi yadda ake shiga a ƙungiyance. Ya fi a wayi gari ana yawo da hoton ɗan'uwa a gadon asibiti ana neman taimako.

Na huɗu, wanda Allah ya buɗa wa, ya riƙe ƙofar kada ta rufe. In ka ji za a ɗauki ma'aikata a wajenku, ka saka a zaure tun da sauran lokaci, ba sai an rufe ba. In ka san yadda ake rubuta takardar neman aiki ko neman tallafin karatu, ka ware awa ɗaya ka koyar. In kana da shago kana buƙatar kaya, ka fara duba ko ɗan ajinku yana sayarwa. Kai kuma da kake nema, ka faɗi abin da ka iya a fili. Mutane ba za su taimake ka a kan abin da ba su san kana buƙata ba.

Na biyar, mu daina ɗaukar matsalar da ta shafi kowa kamar ciwon mutum ɗaya. Yajin aikin jami'o'i, da iyakar shekaru a tallan aiki, da sayar da gurbin aiki, abubuwa ne da mutane suka tsara, kuma mutane za su iya gyarawa. Mun ga misali. Matasa ne suka matsa lamba har aka sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara ranar 31 ga Mayun 2018. Majalisar wakilai da ta jiha aka sauko da su daga 30 zuwa 25, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. A 2024 aka fara bashin karatu na NELFUND. Ko kana goyon bayan tsarin ko kana da gyara a kansa, ya kamata ƙaninka ya san da shi. Ajin da yake da lauya, da ɗan jarida, da malami, da ɗan kasuwa, zai iya rubuta wa ɗan majalisarsa takarda ɗaya mai sa hannun mutum ɗari. Wannan ya fi zagi a Facebook tasiri.

Game da nauyin zuciyar nan da muka fara da shi kuwa, ba zan ce maka ka daina ji ba, ɗan'adam ne kai. Amma ka tuna abin da ake sakawa a zaure zaɓaɓɓe ne. Babu mai saka hoton takardar sallama daga aiki, ko bashin da ya ci ya yi lefe, ko daren da ya kwana a asibiti da yaro. Kana gwada duk rayuwarka da ranar sallar wani. Ka taya shi murna da zuciya ɗaya, ka koma kan naka aikin. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, amma fa sai ana tafiyar.

Ga aikin gida na wannan makon, ni ma zan yi. Ka buɗe zauren ajinku, ka shiga jerin sunaye, ka nemo mutum ɗaya da ya shekara bai ce komai ba. Kada ka yi masa magana a cikin jama'a. Ka kira shi shi kaɗai. Kada ka tambaye shi ina kake aiki yanzu, ko yaushe za mu sha biki. Ka ce masa kawai ka tuna da shi ne, ya gida, ya su Mama. In gari ɗaya kuke, ka taka ka je, zumunci a ƙafa yake.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya buɗa wa masu nema, ya sa wa waɗanda suka samu albarka.